Shekarar da Na Musanya Fadama da Rami

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ajiye ruwa a cikinta, nake buɗe wannan babi, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Da ajami nake rubutawa kamar sauran babukan. Wanda ya ga dama a cikinku ya mayar da shi boko bayan raina, amma kada ya gyara mini magana.

Na san abin da kuke faɗa idan kun bi ta Mayo Gwoi kun ga gidajen 'ya'yan Bappanku Sa'adu a jere, a inda fadamarmu take a da. Ba ku taɓa faɗa a gabana ba, Allah ya yi muku albarka, amma gidanmu ƙarami ne, magana tana zagayowa. Kuna cewa ubanku ya ba da gona ya karɓi rami. Haka aka yi. Ba a yaudare ni ba, ba a yi mini asiri ba kamar yadda wasu suka yaɗa, ina cikin hankalina, kuma da za a mayar da ranar da na sake. Abin da ba ku sani ba shi ne inda na samo wannan ra'ayi, don haka ku yi haƙuri in ɗauke ku zuwa nesa kafin mu dawo unguwarmu Sintali.

Kakanku Modibbo da hannunsa ya gina masallacin ƙofar gidanmu, shi da ɗalibansa. Ƙasar da suka yi tubali da ita daga arewa da masallacin suka haƙo ta, wurin ya zama kududdufi, ruwan sama yana taruwa a ciki har ya kai rani. A nan muka koyi iyo, a nan shanun baƙi suke sha. Kuma Modibbo yana da wata al'ada tasa: duk wanda ya rasu a unguwa, sai ya sa a ɗebo laka daga ramin nan a kai maƙabarta, da ita ake shafe itacen da aka jera a kan mamaci kafin a tura ƙasa. Ba addini ba ne, shi ma bai ce addini ba ne. Cewa yake yi ƙasar da ta ba mu inuwar salla ta fi cancanta ta rufe mu. Shi ma da ita muka rufe shi. Bayan rasuwarsa al'adar ta bi shi, ramin kuma ya zama juji. Toka, leda, gwangwani, mushen kaji, duk abin da gida ya ƙi nan ake kai shi. Masallacin ba shi da ƙofa ko taga ta wannan gefe, saboda haka muna salla ba ma gani, sai dai hanci ya gaya mana idan iska ta juyo.

Mu uku Modibbo ya bari: yayarmu Adda Mairo, wadda kuke kira Goggo, sai ni, sai ƙanena Sa'adu. Gadon bai wuce gida da fadama da filin ramin ba, kuma ba mu raba ba, muna ci tare. Sai aka ƙirƙiro jihar Taraba, Jalingo ta wayi gari babban birni. Ma'aikata suka kwararo daga Yola da iyalansu, wasu a ofis suke kwana saboda rashin ɗaki. Filin da a da ko akuya ba a ɗaurewa a ciki ya zama abin nema. Sa'adu ma yana cikin waɗanda aka dawo da su, akawu ne, ga 'ya'ya, ga albashin da ba ya kai wata. Wani ɗan kwangila ya same shi ya ce yana son ramin, zai cike shi ya gina ɗakunan haya. A lokacin ina shirin tafiya tare da 'yan'uwa masu fita da'awa, waɗanda ke kwana a masallatai suna tunatar da mutane salla, kuma an ce ƙasar Bangaladash za a tura ayarinmu. Sa'adu ya tare ni a zaure ina ɗaure kaya, Hamma yake kirana, wato yaya.

“Hamma, mutumin nan yana jiran amsa. Juji ne fa, ba wani abu ba.”

“Ban ga abin ƙi ba,” na ce, “amma ka bari sai na dawo.”

Rabin farko na maganata ya riƙe. Ban ga laifinsa ba, ni na faɗe ta.

Ba zan tsaya ba ku labarin jirgi da fasfo ba. Mun sauka Dakka, birnin da mutane suka fi ƙasa yawa, kekuna masu ɗaukar fasinja sun cika titi kamar tururuwa, rubutunsu kuwa kamar an ja igiya an yi shanyar haruffa a jikinta. Abokin tafiyata Alhaji Buba ne, mai shagon kayan keke a kasuwa, mutumin da ba ya iya rufe baki ko a gaban liman. Shi ya fara shimfiɗa dardumarsa yana fuskantar mafitar rana don yin walaha, sai da wani yaro ya kama kafaɗunsa ya juya shi. Can yamma ake fuskanta, domin Makka tana yammacinsu.

“Malam Hamidu,” in ji Buba, “shekara hamsin ina kallon gabas, yau an ce in ba ta baya. In na mutu a nan ka tabbata sun kwantar da ni daidai.”

Shugaban ayarinmu ya gargaɗe mu cewa ba buɗe ido muka zo ba, kuma ya yi gaskiya. Amma ido ba ya neman izini. A tsohon gari, kusa da masallacin da muka sauka, akwai wata ganuwa ta jan bulo mai manyan ƙofofi, a ciki akwai lambu da kabari da ƙaramin masallaci. Aka ce wani gwamna ne na zamanin da yake gina ta, 'yarsa ta rasu, zuciyarsa ta karaya, ya bar aikin bai ƙarasa ba. Ranar da muka shiga jirgin ruwa za mu yi kudu kuma, sai ga wata fada a bakin kogi, launinta ruwan hoda, da ƙubba a ka da faffaɗar matakala tana gangarowa. Na tambayi wani ɗalibi mai ɗan Larabci ko sarkin yana ciki. Ya yi dariya ya ce babu sarki, gidan tarihi ne yanzu, a yanki tikiti a shiga a kalli kujerun da suka zauna a kai da farantan da suka ci abinci. Na yi ta kallonta har jirgi ya sha kwana. Ban ji komai ba sai abin da kowane mai tsoron Allah yake ji idan ya ga gidan da masu shi suka tafi.

Garin da aka tura mu shi ake kira Bagerhat, can ƙasa kusa da teku, ko'ina ruwa da itatuwan kwakwa da gonakin shinkafa. Tsohon birni ne da daji ya taɓa cinyewa aka sake tono shi. Ba ka tafiya mai nisa sai ka ci karo da masallacin jan bulo a tsakanin bishiyoyi, wani mai ƙubba ɗaya ƙatuwa kamar an kifa tukunya, wani mai tara, wani saiwar itace ta tsaga bangonsa. Babban cikinsu kuwa ban taɓa ganin irinsa ba. Dogo ne, gajeren tsayi, kaurin bangonsa ya fi tsawon mutum a kwance, hasumiya a kowace kusurwa, rufinsa ƙubbobi ne jere sahu-sahu. Na fara ƙirga su na rikice na bari. A ciki ginshiƙan dutse ne sirara kamar dajin giginya, ga sanyi kamar cikin randa. Bangon alƙibla ba mihirabi ɗaya gare shi ba irin namu, kusan kowane layi na ginshiƙai yana ƙarewa da nasa, an ƙawata su da zanen furanni da fitila mai sarƙa, duk a jikin gasasshen yumɓu. An ce ya haura shekara ɗari biyar. Ruwan saman da ake yi a ƙasar nan, da a kan ginin Sintali yake sauka, da damina ɗaya ta ishe shi.

Amma ba ginin ne ya canja ni ba. A bayan masallacin akwai wani tafki mai kusurwa huɗu, faɗinsa ya kai unguwa, an ɗaga gaɓarsa, an yi masa matakala ta bulo tana shiga cikin ruwa. Nan muke alwala. Mata suna zuwa ɗiba da tuluna a kwankwaso, babu mai jefa ko ɓawon ayaba. Da muka zagaya sai na lura kusan kowane tsohon masallaci yana da nasa tafkin, babba ko ƙarami. Akwai ma wani kusa da kabarin mutumin da ya kafa garin, a ciki har da kadoji, mutane suna jefa musu kaji don neman tabarraki. Wannan kam ban yarda da shi ba, na kuma faɗa. Buba ya ce ashe mutanen Wukari, masu girmama kadoji a jiharmu, suna da dangi a nan ba su sani ba.

Akwai wani tsoho da ke share matakalar babban tafkin kullum da safe, siriri, gemunsa ja da lalle, shi ne kuma yake kiran salla wani lokaci. Larabcinsa guntu-guntu ne, nawa ma na littafi ne, ba na hira ba, amma da shi da nuni muka fahimci juna. Ya gaya mini, kamar yadda ya ji daga iyayensa, cewa wanda ya kafa garin ya tarar da ruwan wurin duk zartsi ne saboda teku. Bai fara da gidansa ba, haƙa ya fara. Ƙasar da ta fito aka ɗaga wuri da ita, aka gasa bulo aka yi masallatai, ramin kuma ya tare ruwan sama mai daɗi. Na tambaye shi ina gidan mutumin. Ya nuna mini da hannu can arewa, daga baya muka bi ta wurin: tudun ɓaraguzai ne, awaki suna kiwo a kai. Gidansa ya tafi, ruwansa kuwa mun sha da safen nan.

Sai tsohon ya juyo da tambaya.

“Ku a ƙasarku da me kuke gina masallaci?”

“Da ƙasa,” na ce, ina jin daɗi. “Mahaifina ma da hannunsa ya haƙa ya gina namu.”

Fuskarsa ta yi haske, ya jingina tsintsiyarsa.

“Ma sha Allah. To ramin fa?”

Buba da ke wanke ƙafa a ƙasa da mu ya tambaye ni me aka ce, na fassara masa.

“Gaya masa gaskiya mana, Malam,” in ji shi. “Ka ce nan muke kai mushen kaji. Ka ce ma an kusa sayar da shi.”

Ban gaya masa ba. Na ce yana nan a gefe. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce Allah ya jiƙan mahaifina, wanda ya bar masallaci da ruwa ya bar sadaka biyu. Ya ɗauki tsintsiya ya ci gaba da aikinsa, bai san abin da ya yi mini ba. Tun daga ranar duk alwalar da na yi a matakalar nan sai na ga ramin Sintali. Abu ɗaya muka yi da mutanen nan, mun haƙa mun gina. Su sun ɗauki ramin a matsayin rabin masallaci, suka ba shi fuska. Mu mun ɗauke shi abin da ya rage bayan aiki, muka ba shi ƙeya. Modibbo shi kaɗai ya san ɗaya ne, shi ya sa yake aikawa a ɗebo lakar.

Mun dawo Jalingo da bazara, zafi ya kai matuƙa, ramin ya janye ya bar baƙar laka da leda. Bayan an gama zuwa sannu da zuwa na kira Sa'adu na ce masa na sauya shawara, ba za a cike ramin ba. Na ba shi labarin tafki da matakala. Ya saurare ni da ladabi kamar yadda ake sauraron mai zazzaɓi.

“Hamma, ka gaji da hanya. Can ƙasar ruwa ce, nan Jalingo ce. Kuma na riga na ba mutumin nan baki a gaban mutane.”

“Cewa na yi ka jira ni.”

“Cewa ka yi ba ka ga abin ƙi ba.”

“A lokacin ban gani ba. Yanzu na gani.”

Ya ɗauka zan huce. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina karantar da manya a zaure sai na ji rurin mota. Tifa ce cike da jar ƙasa tana ja da baya zuwa bakin ramin, Sa'adu da ɗan kwangilar suna tsaye suna yi wa direba nuni. Ban yi gardama da kowa ba. Na ɗauki buzuna na je na shimfiɗa a daidai inda ƙasar za ta zuba, na zauna. Kafin a jima unguwa ta taru. Direban, wani Bamumuye mai fara'a, ya leƙo ta taga.

“Baba Malam, ka tashi don Allah. Mota ba nawa ba, mai shi tana jira. Ni bai taɓa binne malam da rai ba, yau ma ba zai fara ba.”

Mutane suka yi dariya, ban da Sa'adu. Ya zo ya durƙusa kusa da ni yana magana ƙasa-ƙasa.

“Hamma, kada ka tozarta ni. Ina da haƙƙi a filin nan kamar yadda kake da shi. 'Ya'yana a ɗaki ɗaya suke kwana. Da labarin Bangaladash zan yi musu rufi?”

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ya faɗa. Ba ni da ikon hana shi gadonsa don na ga wani abu a wata ƙasa. Idan ina son ramin, sai in saye shi, kuma abu ɗaya na mallaka da ya kai. Na tuna shinkafar da ke shigowa gidan nan kowace kaka, na tuna ku, a lokacin babbanku Umaru bai gama sakandare ba. Ban ce ban yi tunaninku ba. Na yi, sannan na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Jama'a ku shaida. Kasona na fadamar Mayo Gwoi na ba Sa'adu, shi kuma ya bar mini kasonsa na ramin nan. In ya yarda.”

Ko yaro ya san fadamar ta ninka ramin. Sa'adu ya dube ni kamar bai san ni ba.

“Ka san abin da kake faɗa?”

“Na sani.”

“Na yarda,” ya ce, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. “Amma ka mayar da ni mai magana biyu a garin nan, Hamma. Wannan kuwa, fadama ba ta biyansa.”

Ɗan kwangilar ya faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba, ya shiga motarsa. Direban tifa ya ce shi kam ba zai koma da kaya ba, ya juye jar ƙasar a gefe ya tafi. Sai ga Adda Mairo ta fito daga cikin gida da sandarta, an riga an kai mata labari. Ta tsaya a kaina.

“Hamidu, tun kana yaro in ka kafe sai Allah. Nawa kason na ramin na bar wa Allah, ka haɗa. Amma zancen fadama wauta ka yi, kuma zan faɗa maka kullum har in mutu.”

Ta cika alkawari, ba ta taɓa fashi ba.

Dadarku, mahaifiyarku, ba ta yi hayaniya ba, kun san halinta. Ta kawo mini abinci ta zauna nesa kaɗan.

“Malam, shinkafar da ke cikin kwanon nan daga ina ta fito?”

“Daga fadama.”

“To, na ji. Allah ne mai ciyarwa, ba zan ce komai ba. Abu ɗaya: kafin ruwa ya sauka a yi wa ramin nan katanga. In ɗan wani ya faɗa ciki saboda kai ka hana a cike, ni ba zan iya kallon uwarsa ba.”

Maganarta ta fi ta kowa nauyi a kaina, da ita na fara. Jar ƙasar da aka kawo don a kashe ramin da ita muka ɗaga gaɓarsa, muka yi katanga mai ƙofa ɗaya. Muka kwashe shara amalanke bayan amalanke, muka yashe lakar. Buba, duk da tsiyarsa, shi ya kawo duwatsun da aka yi matakala, yana cewa in an gama zai aiko da kada daga Wukari don aiki ya cika. Matan maƙwabtanmu, Musulmi da Kirista, sun taya mu kwashe ledar, domin su ma suna son ruwan ban ganye. Na sa aka huda bangon masallaci ta arewa aka yi ƙofa, yadda duk mai fitowa daga salla zai yi ido biyu da ruwan, domin mutum ba ya zubar da shara a inda yake kallo sau biyar a yini. Da damina ta cika shi muka zuba tarwaɗa da karfasa saboda sauro. Na kira dattawa na ce ramin da gaɓarsa waƙafi ne na masallaci, ba a sayarwa, ba a gado. A kasuwa kuwa suna na samu: Malam Mai Rami. Har yau wasu ba su san Hamidu ba.

Ba zan ƙara masa gishiri ba, ramin Sintali bai zama tafkin Bagerhat ba. Idan bazara ta yi tsanani yana janyewa, launinsa ya sauya, alwala ba ta inganta da shi, sai mu koma rijiyar da muka haƙa a gefensa, wadda ita kam ba ta taɓa ƙafewa ba. Kuma abin da aka biya, ku kuka biya tare da ni. Daga shekarar aka fara auno mana shinkafa da mudu. Na koma ɗinkin hula da rubutun Alƙur'ani da hannu har idona ya raunana. Kayan ɗakin auren 'yar'uwarku Fa'iza bai kai na ƙawayenta ba, na ga hawayenta. Umaru har yau haya yake yi a Yelwa. Duk na sani, ban manta ko ɗaya ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne Sa'adu. Ya sayar da wani yanki na fadamar ya gina gida a unguwar Sarkin Dawaki, ya kwashe iyalinsa. Bai yanke zumunci ba, yana zuwa gaida Adda, yana gaishe ni da Salla kamar yadda ake gaida limamin wata unguwa. Amma bai ƙara salla a masallacin ubanmu ba, in lokaci ya yi yana gidan sai ya ce yana sauri. Shekaru muka yi a haka. Na je gidansa, na aika masa Buba, amsa ɗaya ce: ba komai, Hamma. Kun san ba komai irin wannan.

Wajen ƙarshen shekarun nan Adda Mairo ta kwanta ciwon ajali. Ta sa aka kira mu mu biyu, muka zauna a bakin gadonta, kowa yana kallon tabarma.

“Ku ɗago ku dube ni, ba gawa ba ce tukuna,” ta ce. “In na tafi, da lakar ramin Baba za a rufe ni, kamar yadda aka yi masa. Kuma ban yarda a aiki yara ba. Ku biyu za ku ɗebo, kwano ɗaya. Hamidu, har yanzu wauta ka yi. Sa'adu, kai kuma ka fi shi.”

Ta rasu da safiyar wata Alhamis. Ana cikin yi mata sutura na ɗauki babban kwanon wanki na fita ta ƙofar arewa. Sa'adu yana tsaye a bakin matakalar, rabonsa da wurin tun ranar tifa. Yana kallon ruwan, da inuwar masallacin a cikinsa, da kifayen da ke motsi a gefe. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya riga ni sauka. Ya sa hannu biyu cikin lakar yana zubawa a kwano, ni ina riƙe. Da ya cika muka kama, shi kunne ɗaya ni kunne ɗaya, muka fara hawa. A tsakiyar matakalar ya tsaya, na ɗauka nauyi ne.

“Hamma,” ya ce, bai dube ni ba, “da na cike shi, yau da siminti zan rufe ta?”

“Hau mu je, ana jiranmu.”

A masallacin Modibbo ya yi azahar ranar, a sahun farko, laka ba ta gama fita daga farcensa ba. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Fadamar halal ɗinsa ce da ta 'ya'yansa, kada wani a cikinku ya dube su da ƙyashi ko ya tayar da maganar bayan raina.

Yanzu kun ji. Za a zo muku da tayi, domin filin ya ƙara tsada, za a ce ai rami ne kawai, za a ce tsohon ya tafi. Ku ce ba naku ba ne balle ku sayar. Ku share matakalar, ku gyara katangar kafin kowace damina. Allah ya jiƙan Modibbo da Adda, ya jiƙan tsohon nan mai jan gemu wanda ban ko tambayi sunansa ba. Kwanon wankin yana rataye a bayan ƙofar arewa. Idan tawa ta zo, kada ku aiki yara.